Korona a jikin mai ciwon sukari: kwana 19 na wani majinyaci a gadon asibiti

Wannan bayanin jinyar wani mutum ne mai shekara 59 da muka kwantar a sashenmu lokacin annobar korona. An ɓoye sunansa da duk abin da zai sa a gane shi. An ƙirga kwanakin asibiti daga ranar da aka ba shi gado. Duk inda aka ambaci awon sukarin jini, da miligiram cikin desilita ake nufi, wato lambar da ƙaramar na'urar awon sukari take nunawa. Mai lafiya idan ya auna da safe kafin ya ci komai, ba ya kai 100.

## Yadda yake kafin rashin lafiyar

Shekara 12 ke nan da aka gaya masa yana da ciwon sukari, irin wanda ya fi kama manya, wanda likitoci ke kira nau'i na biyu. Yana shan metfomin miligiram 1,000 safe da yamma, da gilikilazid, ga kuma lisinofiril na hawan jini. Nauyinsa kilo 92, kuma yawancin ƙibar a ciki ta taru. Ba ya shan taba, bai taɓa kwanciya asibiti ba.

Rabonsa da ganin likitan sukari wata 14. A wancan zuwan an yi masa gwajin HbA1c, wanda ke auna yawan sukarin da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini. Da yake ƙwayoyin nan suna rayuwa kamar kwana 120, gwajin yana nuna matsakaicin sukarin mutum na wata biyu zuwa uku da suka wuce. Daga kashi 6.5 cikin 100 ake cewa mutum yana da ciwon, kuma yawancin masu shi ana so su tsaya ƙasa da 7. Nasa ya nuna 8.4. An kuma ga ɗan furotin a fitsarinsa, alamar ciwon ya fara taɓa ƙoda, duk da cewa sinadarin kiriyatinin, wanda da shi ake gane aikin ƙoda, yana kan 1.1, bai fita daga daidai ba. Ya ce tafin ƙafarsa yakan yi masa zugi da daddare. Na'urar awon sukari tana nan a gida, amma tsinkayen gwajin sun ƙare tuntuni, bai sake saye ba. Bai yi allurar rigakafin korona ba, balle ta mura.

## Kwana shida a gida

Da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi abin ya fara. Rana ta biyu tari ya shigo, busasshe, ya kuma daina jin ƙamshi da ɗanɗano. Abinci ya fita daga ransa gaba ɗaya.

A rana ta uku ya ajiye magungunan sukarinsa duka biyun. Da muka tambaye shi dalili daga baya, cewa ya yi: "Likita, ai ba na cin komai. To sukarin daga ina zai zo?" Tambaya ce mai ma'ana, kuma mutane da yawa haka suke lissafi. Amsar ita ce daga hanta yake zuwa. Idan jiki ya shiga yaƙi da cuta, yana sakin sinadaran tashin hankali, irin su kotizol da adirenalin da gulukagon. Waɗannan suna sa hanta ta riƙa zuba sukari cikin jini, suna kuma hana tsoka karɓar umarnin insulin, sinadarin da ke sa jiki ya ɗauke sukari daga jini. Mai lafiya jikinsa zai ƙara yawan insulin ya daidaita abin. Wanda ya shekara 12 da ciwon sukari ba shi da wannan rarar.

Bai daina shan maganin hawan jini ba, kuma ya haɗa da ibufurofen saboda ciwon jiki, sau uku a rana. Don ya samu ƙarfi, iyalinsa suka riƙa ba shi abin sha mai zaƙi. Ƙishirwa ta dame shi, fitsari ya yawaita, kowa ya ɗauka zazzaɓin ne. Ranar ta shida da dare 'yarsa ta ga yana haki daga tashi zuwa banɗaki, ta sa aka kawo shi.

## Rana ta 1: shigowa

Abin da aka samu da isowarsa: zafin jiki 38.6, bugun zuciya 112 a minti, numfashi 30 a minti, hawan jini 104 bisa 62. Iskar oksijin a jininsa kashi 86 cikin 100 ba tare da taimako ba. Harshensa a bushe. Gwajin korona ya tabbata, hoton ƙirji ya nuna farin hazo a huhu biyun, ya fi yawa a ƙasa.

Sukarinsa 412. Sinadarin kiton, wanda ke taruwa idan jiki ya rasa insulin ya koma ƙona kitse, ya ɗan hau amma jinin bai yi tsami ba. Kiriyatinin ya tashi daga 1.1 zuwa 2.1, wato aikin ƙoda ya ragu da fiye da rabi. Sabon HbA1c ya nuna 10.2, abin da ke nufin tun kafin korona ta zo sukarin ya daɗe a sama.

Aka sa masa oksijin lita 5 a minti, aka ɗaura ƙarin ruwa, aka fara allurar hana daskarewar jini. Aka ce kada a mayar masa da metfomin, domin idan ƙoda ta raunana kuma oksijin ya yi ƙasa, maganin na iya taruwa ya jawo tsamin jini mai haɗari. Lisinofiril da ibufurofen ma aka tsayar da su saboda ƙodar.

Sai maganar deksametason, maganin rage kumburi. A watan Yunin 2020 babban gwajin nan na Birtaniya mai suna RECOVERY ya nuna cewa miligiram 6 na wannan magani a rana, har zuwa kwana 10, yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku a cikin masu korona da ke kan na'urar numfashi, da kusan ɗaya cikin biyar a cikin masu buƙatar oksijin kawai. Majinyacinmu yana cikin rukuni na biyu, don haka aka fara masa a daren. Kowa ya san maganin yana ɗaga sukari. Abin da aka rubuta don tarbar wannan shi ne insulin na bin awo: a auna sukari sau huɗu a rana, idan ya wuce 200 a yi masa raka'a kaza (raka'a ita ce ma'aunin insulin), idan ya wuce 300 a ƙara kaza. Ba a rubuta masa insulin mai dogon aiki ba.

## Rana ta 2 zuwa ta 4: sukari ya ƙi sauka

Takardar awon kwanakin nan uku siffa ɗaya take da ita. Da asuba 240 zuwa 280. Da azahar ya haura 350. Bayan la'asar zuwa dare 430, 460, 480. Duk lokacin da aka ga lambar sai a yi masa insulin mai saurin aiki, raka'a 8 ko 10, ya ɗan sauka, kafin awo na gaba ya koma inda yake ko ya wuce.

Insulin na bin awo ihu ne bayan hari. Yana jiran sukari ya hau sannan ya bi shi, aikinsa kuma yana ƙarewa cikin awa huɗu zuwa shida, alhali deksametason yana aiki dare da rana, hanta ma ba ta hutawa. Tun a 2007 wani gwaji a Amurka mai suna RABBIT 2 ya kwatanta wannan hanya da wadda ake haɗa insulin mai dogon aiki da na lokacin cin abinci, aka ga ta biyun ta fi daidaita sukarin masu nau'i na biyu da ke kwance a asibiti. Amma bin awo ya fi sauƙin rubutawa, kuma likitan da ke tsoron kada sukari ya faɗi cikin dare yana ganin kamar shi ne mafi aminci.

Akwai kuma wata matsala da ba ta fito a takarda ba. Ɗakin killacewa ne. Kafin ma'aikaciyar jinya ta shiga sai ta saka kayan kariya daga sama har ƙasa, don haka ana tara ayyuka a yi su a shiga ɗaya. Awon da aka rubuta sau huɗu wani lokacin sau uku ake yi. Abinci yana iya isowa awa guda kafin allura ko bayanta. Ruwan sha yana gefen gado, amma mai abin oksijin a fuska, ga gajiya, ba ya miƙa hannu.

Ƙarin ruwan ma an rage shi a rana ta 2, saboda tsoron kada ruwa ya taru a huhun da ke kumbure. Ga ƙoda tana neman ruwa, ga huhu ba ya so. A halin da ake ciki kuma shi yana ta zubar da ruwa ta fitsari, domin idan sukarin jini ya wuce kamar 180, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ya zuba cikin fitsari ya ja ruwa ya tafi da shi.

Rana ta 4 da yamma 'yarsa ta kira sashen, ta ce: "Likita, Baba ba ya gane muryata a waya, maganarsa ma ba ta haɗuwa." Da aka shiga aka same shi yana gyangyaɗi, bai san inda yake ba. Sukari 618. Gishirin sodiyam 149, kiriyatinin 2.6. Kaurin jini da aka lissafa ya haura 330, alhali daga 320 ake cewa an shiga yanayin bushewar jiki mai tsanani na masu ciwon sukari, wanda ke iya kai mutum ga suma. Oksijin ɗin da yake buƙata ya kai lita 15 a minti. A daren aka wuce da shi ɗakin kulawa ta musamman.

## Rana ta 4 zuwa ta 8: ɗakin kulawa ta musamman

Abu uku aka yi a tare. Aka buɗe ƙarin ruwa sosai amma a hankali, ana sauraron ƙirji ana auna fitsari duk awa. Aka ɗaura insulin ta jijiya da na'ura mai turawa kaɗan-kaɗan ba yankewa, ana auna sukari duk awa ana gyara gudun. Sannan aka riƙa bin gishirin fotasiyam, domin insulin yana tura shi cikin ƙwayoyin jiki ya bar jini, kuma idan ya yi ƙasa zuciya na iya rikicewa. Nasa ya sauka zuwa 3.4 cikin awa shida, aka ƙara masa cikin ruwan.

Da gangan ba a yi gaggawar sauke sukarin ba. Jinin da ya yi kauri haka, idan aka tsinka shi farat ɗaya, ruwa na iya kwarara cikin ƙwaƙwalwa ta kumbura. Sai da aka kwana aka wuni kafin ya sauko ƙasa da 250. Da safiyar rana ta 6 ya dawo hayyacinsa, ya amsa gaisuwa, ya nemi ruwa.

Inda aka nufa shi ne tsakanin 140 da 180. Wani matashin likita ya tambaya me zai hana a kai shi 100, tunda can ne daidai. A 2001 wani bincike a garin Luben na ƙasar Beljiyam ya nuna kamar matse sukari tsakanin 80 da 110 yana ceton rai a ɗakin kulawa ta musamman, asibitoci da yawa suka bi. Sai a 2009 aka fitar da sakamakon NICE-SUGAR, wanda aka yi kan majinyata 6,104 a Ostireliya da Niyu Zilan da Kanada. Waɗanda aka matse wa sukari tsakanin 81 da 108, kashi 27.5 cikin 100 suka rasu cikin kwana 90. Waɗanda aka bar su ƙasa da 180, kashi 24.9. Faɗuwar sukari mai tsanani ta fi yawa nesa ba kusa ba a rukunin farko. Daga nan ne ma'aunin 140 zuwa 180 ya samu gindin zama.

Yawan insulin ɗin da ya ci ya ba mu mamaki. Mutumin da bai taɓa yin allurar insulin ba a rayuwarsa, a rana ta 6 sai da ya buƙaci kusan raka'a 4 a kowace awa, wato sama da 90 a wuni. Deksametason, da kumburin da cutar ta haddasa, da ƙibar ciki, da kuma shi kansa yawan sukarin wanda ke gajiyar da ƙwayoyin da ke samar da insulin, duk sun haɗu sun toshe hanya.

An yi muhawara a kan ko a tsayar da deksametason. Masu cewa a tsayar suna nuna takardar sukari, masu cewa a ci gaba suna nuna abin oksijin. Aka tsaya a kan ci gaba, bisa hujjar cewa sukari yana da magani a hannunmu, kumburin huhun kuwa wannan ne maganin da aka tabbatar yana rage mutuwa. Ana ba shi oksijin mai ƙarfin gudu ta hanci, ana kifa shi rubda ciki na wasu awanni kullum don bayan huhu ya buɗe. Bai kai ga a saka masa bututun numfashi ba.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Rana ta 7 zazzaɓi ya dawo bayan kwana biyu da saukarsa, tarin da yake busasshe ya koma mai majina ruwan ɗorawa, hoton ƙirji ya nuna sabon tabo a ƙasan huhun dama. Sukarin da ya fara lafawa ya sake neman hawa ba tare da an canza komai ba, wanda shi kansa alama ce. Aka ɗauki majina da jini aka kai ɗakin gwaji, aka fara maganin kashe bakteriya nan take. Sakamakon ya nuna Staphylococcus aureus, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da suka saba shiga huhu bayan bairos ya yayyaga fatar hanyoyin iska. Aka gyara maganin ya dace da ita, zazzaɓin ya sauka cikin kwana biyu.

## Rana ta 9 zuwa ta 12: komawa ɗaki, da faɗuwar sukari

Rana ta 9 oksijin ya koma lita 4, kiriyatinin 1.7, ya fara cin abinci kaɗan. Aka cire insulin na jijiya aka mayar da shi na ƙarƙashin fata, raka'a 72 a wuni: 36 mai dogon aiki, 12 kafin kowane abinci sau uku. Aka mayar da shi ɗakin da ya fito. Kwana biyu awon yana tsakanin 150 da 200.

Rana ta 10 aka ba shi deksametason na ƙarshe, kamar yadda aka tsara tun farko. Takardar insulin ba ta canza ba. Likitan da ya lissafa raka'a 72 yana ɗakin kulawa ta musamman, wanda ya karɓe shi a ɗaki kuma ya ga lambobi masu kyau bai ga dalilin taɓa su ba. Rana ta 11 awon dare ya nuna 104. Aka rubuta, aka wuce.

Ƙarfe uku na daren rana ta 12 ma'aikaciyar jinya ta shiga duba oksijin, ta ga rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi. Ta kira shi, "Baba, Baba," bai amsa ba. Ta auna: 46. Ƙasa da 70 ake cewa sukari ya faɗi, ƙasa da 54 kuwa haɗari ne ga ƙwaƙwalwa da zuciya. Ta tura masa ruwan gulukos ta jijiya, cikin minti goma ya buɗe ido. Gudun gara aka tadda zago.

Dalilan a bayyane suke da aka zauna aka duba. Aikin deksametason yana ɗaukar kwana ɗaya da rabi zuwa uku kafin ya bar jiki, kuma daidai lokacin ke nan. Nimoniyar bakteriya, wato ciwon huhun da ya shigo rana ta 7, ta lafa, sinadaran tashin hankali sun ragu. Abincin dare rabi ya ci, amma an yi masa raka'a 12 cikakku. Ƙodar da ba ta gama warkewa ba kuma tana jinkirin fitar da insulin, sai ya daɗe yana aiki. Shi kansa bai ji alamar gargaɗi ba, babu rawar jiki babu bugun zuciya da zai tashe shi, abin da ake gani a wasu da ciwon ya daɗe ya taɓa musu jijiyoyi. Da safe aka rage insulin da rabi, aka kuma ce na abinci a riƙa yin sa bayan an ga yawan abin da ya ci.

## Rana ta 13 zuwa ta 19, da wata uku bayan sallama

Sauran kwanakin ba su da hayaniya. Aka ci gaba da rage insulin kusan kullum. Aka cire oksijin a rana ta 16. Kullum ana duba hancinsa da dasashinsa da idanunsa, ana tambayarsa ciwon fuska ko toshewar hanci ta gefe ɗaya, saboda ƙwayar fangas ɗin nan da aka yi wa laƙabi da baƙar fangas, wadda ta kama dubun dubatar mutane a Indiya a 2021, akasarinsu masu ciwon sukari da aka ba su irin wannan magani. Ba a ga komai ba. An duba ƙafafunsa da diddigensa saboda doguwar kwanciya, babu rauni.

An sallame shi rana ta 19 da insulin mai dogon aiki raka'a 20 da dare. Kiriyatinin 1.5. Kafin ya tafi aka zauna da shi da 'yarsa aka koya musu yin allura da awo, da abin da za a yi ranar rashin lafiya: a auna sukari duk awa huɗu ko da ba a ci komai ba, a sha ruwa marar zaƙi da yawa, kada a daina insulin mai dogon aiki, idan amai ko gudawa ko rashin shan ruwa ya shigo a dakatar da metfomin da maganin hawan jinin nan a kira likita, kuma a nisanci ibufurofen da danginsa.

Bayan wata uku HbA1c ya sauka zuwa 7.6. An mayar masa da metfomin amma rabin na da, insulin ya koma raka'a 12. Ya rage kilo 7. Yana haki idan ya hau bene. Ya yi rigakafin korona da na mura da na nimoniya. Kiriyatinin ya tsaya a 1.4.

## Hukunci

Bairos ɗin da ya kama shi bai bambanta da wanda ya kama sauran da ke ɗakin ba. Da yawansu, masu irin hoton ƙirjinsa, sun yi mako guda suka tafi gida. Shi ya yi kwana 19, biyar daga ciki a ɗakin kulawa ta musamman, kuma sau biyu ransa ya shiga haɗari, rana ta 4 da rana ta 12. Duka biyun a takardar sukari aka gan su, ba a hoton huhu ba.

Alƙaluman manyan bincike sun dace da abin da muka gani. A Ingila, daga 1 ga Maris zuwa 11 ga Mayun 2020, mutum 23,698 suka rasu da korona a asibiti, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku masu ciwon sukari ne. Bayan an daidaita shekaru da jinsi da makamantansu, haɗarin mai nau'i na biyu ya ninka na sauran mutane kusan sau biyu, na mai nau'i na ɗaya, wanda ya fi farawa tun ƙuruciya, kuma sau uku da rabi. A Faransa, binciken CORONADO ya bi masu ciwon sukari 1,317 da aka kwantar, ya samu ɗaya cikin goma ya rasu cikin kwana bakwai, ɗaya cikin biyar an saka masa bututun numfashi. Abin bai tsaya ga korona ba. A annobar murar H1N1 ta 2009, wani bincike a Montiriyal ta Kanada ya nuna ciwon sukari ya ninka haɗarin kwanciya asibiti sau uku, na shiga ɗakin kulawa ta musamman bayan an kwantar da mutum kuma sau huɗu.

Hanyoyin da ciwon ya bi ya cutar da majinyacinmu ana iya nuna su da yatsa. Ya shigo da ƙoda da jijiyoyin jini da shekara 12 suka riga suka ci, shi ya sa bushewar kwana shida da magani biyu suka isa su karya ƙodar. Yawan sukari yana rage kuzarin fararen ƙwayoyin jini wajen isa wurin cuta da haɗiye bakteriya, yana kuma ƙara sukari a ruwan da ke lulluɓe da hanyoyin iska, inda ƙwayoyin cuta ke samun abinci. Ba za mu iya rantsuwa cewa kwana huɗun da sukarinsa ya riƙa haura 300 su suka jawo nimoniyar rana ta 7 ba, domin korona da deksametason kowannensu na iya buɗe wannan ƙofa. Amma shi ne kaɗai cikin ukun da muke da ikon hanawa.

Nan ne binciken lardin Hubei na ƙasar Sin yake da amfani. Cikin majinyata 7,337 da aka duba a 2020, 952 suna da nau'i na biyu, kuma kashi 7.8 cikin 100 nasu suka rasu, alhali marasa ciwon kashi 2.7. Amma a cikin masu ciwon, waɗanda sukarinsu ya tsaya tsakanin 70 da 180 a asibiti kashi 1.1 suka rasu, waɗanda ya wuce 180 kuwa kashi 11. Binciken lura ne kawai, ba gwajin da aka raba majinyata rukuni-rukuni da gangan ba, kuma wanda ya fi jin jiki dama sukarinsa ya fi wuyar riƙewa, don haka ba duk tazarar ce za a jingina wa insulin ba. Duk da haka, CORONADO bai samu alaƙa tsakanin HbA1c da mummunan sakamakon mako na farko ba. A fahimtata, 10.2 ɗin da mutumin nan ya shigo da shi bai yanke masa hukunci ba. Abin da aka yi da sukarinsa bayan ya hau gado ya fi tasiri.

Kuskurenmu guda ɗaya ne, mun yi shi sau biyu: mun raba deksametason da insulin kamar ba su da alaƙa. Ranar da aka fara na farkon, mutum mai kilo 92 da sukari 412 da HbA1c 10.2 yana buƙatar insulin mai dogon aiki tun a daren, a lissafa shi da nauyinsa a rage saboda ƙoda, a kuma ƙara kullum gwargwadon abin da aka yi masa na gyara jiya. Da awon rana ta 2 ya haura 350 sau biyu a jere, ya kamata a ɗaura na jijiya, ba sai ya rikice ba. Ranar da aka daina deksametason kuma ita ce ranar fara rage insulin, kuma 104 ɗin daren rana ta 11, a jikin mai raka'a 72 da ba ya cinye abincinsa, gargaɗi ne da aka karanta a matsayin nasara. Abin da ya yi aiki shi ne awo akai-akai, da ma'auni mai sassauci na 140 zuwa 180, da ƙin tsayar da maganin huhu don tsoron sukari.

Bayan wannan jinya aka canza takardar sashen. Duk wanda zai rubuta deksametason ga mai ciwon sukari, a shafi ɗaya zai rubuta insulin mai dogon aiki, da ranar da maganin zai ƙare, da yawan abin da za a rage a ranar. An kuma ƙara awon ƙarfe uku na dare na kwana uku bayan an daina shi. Majinyacin kuwa an tura shi wurin likitan ƙoda, saboda kiriyatinin ɗinsa bai koma 1.1 ba, kuma a awo biyu na ƙarshe bai motsa daga 1.4 ba.